Bas ɗin Baba Ta Hana Yarana Musabaƙa

Assalamu alaikum Yaya Bello,

Gaisuwa mai yawa. Yaya jikinka, yaya iyali, yaya zaman Legas? Da fatan Anti Rabi da yara suna lafiya. Mu nan Mafara sai godiya, amma raina a ɓace yake.

Ranar Asabar na ɗauki ɗalibaina zuwa musabaƙar Alƙur'ani a Bakura cikin bas ɗin Baba. Da safe bugu ɗaya ta tashi. A hanya muka tsaya yara su yi alwala, direba ya kashe ta, shi ke nan ta ƙi tashi. Ya yi ta taka totur har fetur ya cika kafireta, muka tura, a banza. Sai da inji ya huce ta tashi, muka isa an tashi taro.

Ka san dalili? Isuhu makaniken da ka ce kada mu kai wa kowa sai shi, da ya wanke kafireta ya jefar da faifan da ke kare ta daga zafin inji, wai tarkacen Turawa ne! Shi ya sa fetur ke tafasa a ciki. Da na tuhume shi, cewa ya yi, "Malam, to ku daina kashe ta mana."

Ɗalibata Hauwa'u, wadda ta shekara tana tilawa, a bakin hanya ta karanta mini izunta tana hawaye.

Don Allah ka nemo faifan nan ka aiko. Isuhu kuwa ba zai sake taɓa motar ba. A sa mu a addu'a, a gaida kowa.

Ƙaninka,
Aminu