Wasiyyar Malam Mele Kan Tukunyar Gidansa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

Ni Mele Abdulbaƙi, tsohon akawu, mazaunin Bukan Sidi a garin Lafia, nake rubuta wannan da hannuna, da hankalina ɗaya, babu wanda ya tilasta ni. Jiki ne ya gaza. Likita bai ɓoye mini abin da ya gani a hantata ba, ni ma ba zan ɓoye muku ba. Zuwa gare ku 'ya'yana, Munir, Yusra da Afra'u. Liman Ashafa da maƙwabcina Lawal su ne shaidu.

Na ɗaya. Gida da gonar Shabu a raba su yadda shari'a ta tsara, ba ni da ta cewa a nan. Kayan kicin kuwa na riga na kyautar da su a gaban shaidu. Kada ku raina wannan rabo, don da kayan nan na riƙe ku.

Shekarar da mahaifiyarku Sabuwa ta rasu, Munir yana da shekara sha uku, Yusra tara, Afra'u uku. Ko shayi ban iya haɗawa ba. Watan farko a wurin masu tuwo nake sayo mana abinci, kafin sha biyu ga wata albashi ya ƙare. Dangi suka zauna suka ce a raba ku, ɗaya Keffi, ɗaya Doma, ƙaramar wajen gwaggonta. Ba da mugun nufi suka faɗa ba. Na ce a ba ni wata uku. Na san idan ban koyi girki ba, rasa ku zan yi ina raye.

Tuwona na farko duk gudaji ne, miyar ta kama. Ƙaurin ne ya tsallaka katanga ya kira maƙwabciyarmu Iveren, Maman Terseer, 'yar Tibi mai sayar da doya. Ta leƙa tukunya ta ce, “Malam Mele, wannan miya naka ya mutu. Zubar, mu fara sabo.” Mako shida tana tsayawa a ƙofar kicin tana faɗa mini abin da zan yi, ba ta taɓa karɓar muciyar daga hannuna ba. Ta ce ranar da ba ta nan, wa zai tuƙa? Da wata ukun suka cika, yayana ya zo, ya ci sakwara da miyar agushi, ya wanke hannu, bai sake tayar da zancen rabo ba.

Na biyu. Daga cikin sulusin da addini ya ba ni iko a kansa, a fitar wa Maman Terseer buhun shinkafa biyu da kuɗin gyaran rufin ɗakinta a Agyaragu, inda take zaune yanzu idonta ya yi rauni. Ba ku sani ba, amma shekara biyu doyar da kuka ci tata ce, wadda fartanya ta sara ko ta karye a mota. Tana ware mana ita a rabin kuɗi, ta ce ai babu mai so. Daga baya na ga mutane suna rububinta. Kada ku aika. Ku uku ku kai da kanku, ku zauna ku ci abin da ta ba ku.

Na uku. Afra'u, ke kike da ƙaramar tukunyar gas da tukwanen nan biyu masu murfi. Na san kina makaranta a Shabu, karatu ba ya barin ki, kullum taliya da biredi, ga ki kin rame. Ki jiƙa wake tun safe kafin ki fita, zai nuna da rabin gas. Ki yi miya ɗaya ranar Asabar, ki tafasa ta safe da yamma, za ta kai ki kwana uku ko babu wuta. Ki shiga kasuwa bayan la'asar, lokacin da masu kayan miya ke son tashi. Tumatirin da ya fashe ba ruɓaɓɓe ba ne, ki shinshina, hancinki zai gaya miki. Lokacin arha ki sayi tattasai da kuɓewa ki shanya. Ɗan man ja, daddawa da busasshen kifi guda sun isa su tayar da tukunya. Amma in kina taya kaya kada ki matse macen da ta taso daga ƙauye da tire ɗaya. Ita ma gida za ta koma ta ɗora girki.

Na huɗu. Yusra, turmin da taɓarya biyu, da babbar tukunyar mahaifiyarki, naki ne. Kina da shekara sha ɗaya kika fara hawa kujera don ki kai ga murhu, kuma na bar ki, don na gaji. Na ci ƙuruciyarki da yawa, ki yafe mini. Yanzu ma ki tashi daga koyarwa, ki girka wa mijinki, ki biyo ta nan da kwanona. Ke kaɗai kika iya burabusko da miyar karkashi irin na kakarku. Ki koya wa Afra'u da matar Munir in Allah ya kawo ta, kada ya tsaya a hannunki.

Na biyar, shi ne ya fi nauyi. Munir, firiza taka ce, ka kai ta Abuja ka daina cin albashinka a gidajen abinci. Sai maganar Babbar Sallar bara.

Ka zo da abokan aikinka uku. Ba mu samu yin layya ba, ƙanwarka Yusra ta yi kirɓin sakwara tun hantsi, ta yi agushi da kifi. Ka buɗe kwano, ka rufe, ka ce ba za ka ba baƙinka abincin talauci ba, ka aika aka sayo soyayyiyar shinkafa da kaji. Yusra ta ɗauki mayafinta ta fita. Wata goma sha ɗaya ke nan ba ku gaisa ba, in ɗaya ya zo duba ni sai ɗaya ya bar gidan.

Ina zaune a wurin, na yi shiru, kuma shirun nan laifina ne. Ban yi fushi da kai ba, ɗana. Na tuna kana sakandare yara suna yi maka tsiya wai ubanka yana tsugunawa cikin mata yana tsintar tumatir. Ka shanye wannan kai kaɗai, ban taɓa zaunar da kai mun yi maganar ba. Na san kunyar ce ta yi magana ranar nan, ba zuciyarka ba. Amma ka sani miyar da ka rufe ita ta yi ƙashin jikinka. Ni na cinye ta a kwana uku, ban bari an zubar ba.

Ga abin da nake so, kuma kada ka jira sai an yi addu'ar uku. Juma'ar da takardar nan ta iso hannunka, ka taho. Ka shiga kasuwa da ƙafarka, ka sayo doya da agushi, ka kai wa ƙanwarka har gida, ka ba ta haƙuri da bakinka ba ta waya ba. Ke kuma Yusra, ki karɓa, kada ki ja masa rai. Ki dafa a nan gidan, ku zauna inda zan gan ku daga gado. Ba na iya haɗiye sakwara yanzu, amma idona yana aiki.

Na shida. Bayan raina, duk Sallah ku haɗu ku ci a faranti ɗaya, ko da fate ne. Wanda ya fi samu ya sayo, wanda ya fi iyawa ya dafa, kada mai saye ya ga ya fi mai dafawa. Kullum a zuba kwano ɗaya a miƙa ta katanga, ba sai kun tambayi addinin mai gidan ba.

Na yafe muku duniya da lahira, ku ma ku yafe mini. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku halal mai isa, ya sa ku ci da lafiya, ya haɗa kanku, ya sada ni da mahaifiyarku cikin rahamarsa. Ku riƙe salla, ku riƙe juna. Na gaji da rubutu. Afra'u, in Allah ya kai mu gobe, kunun gyaɗa nake so, ki sa tsamiya sosai.

Mahaifinku,
Mele Abdulbaƙi
Bukan Sidi, Lafia