Taho da Wuce

Kwandiko, Gwaram

Zuwa ga 'yata Kausar, malamar asibiti,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki Abdulsamad da zafin Birnin Kudu. Mu nan sai godiya. Wayata har yanzu tana cikin rijiya, ina jin can ma babu sabis, shi ya sa na koma biro.

Saƙo ya iso ta hannun Ɗanbala direba. Da na buɗe na ɗauka gwangwanin kifi kika aiko min, ashe kyamara ce, sai da na taɓa wani maɓalli hancinta ya fito zololo, na kusa wurgi da ita. Kin ce in riƙa ɗaukar fuskata ina aiko miki, tunda na ƙi komawa wajenku. Na gwada. Kyamarar lafiyarta ƙalau, fuskar ce sai haƙuri.

Takardar da ta zo da ita duk Turanci ne, ni kuwa kin san a aji huɗu muka rabu da boko, ba wanda ya yi kewar wani. Amma na gane harufa biyu a jikin ɗan abin juyawan nan na sama, T da W. Na juya wajen T, bishiyar da ke nesa ta matso. Na juya wajen W, ta koma. Ashe Taho da Wuce ne. Wanda ya ƙera ta ya taɓa zama a Kano.

Jiya da hantsi na zauna a ƙofar gida na ce wa duniya Taho. Na jawo maƙwabcina Maikano daga gonarsa, na kama shi yana barci a gindin ɗorawa, alhali ya ce wa iyalinsa shemar gona ya tafi. Duk rawar hannuna hoton ba ya rawa. Daga nan na juya ta ƙetaren rafi, wajen tsamiyar bakin maƙabarta. Akwai wani ɗan koren akwati da kan fito a gilashin kyamarar ya zagaye fuskar mutum. Sai ga shi ya fito a gindin tsamiyar ya tsaya cak. Na sauke kyamara, babu kowa. Na ɗaga, yana nan. Na danna Taho har ƙarshe don in ga ko wane ne. Ba komai a ciki sai wani abu kamar hucin rana.

Ki tambayar min masu boko ko tsamiya tana da fuska.

Na bar ki lafiya. Ni ne mahaifinki,
Ɗan'azumi mai hoto

Birnin Kudu

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta ladabi da biyayya, ina fatan kana cikin ƙoshin lafiya. Abdulsamad yana gaishe ka, ya yi dariya har da hawaye.

Baba, ba Taho da Wuce ba ne, farkon wasu kalmomi ne na Turanci. Ba ta jawo kowa, gilasan ciki ne kawai suke ƙara girman abu. Akwatin kuwa na neman fuska ne, kuma yakan yi kuskure idan ya ga ramin bishiya ko inuwa.

Sai dai don Allah ka daina juya ta wajen maƙabarta. Tun rasuwar Inna nake cewa zaman kai kaɗai a gidan nan ba ya yi maka kyau. Ɗakinka a nan yana nan a share.

Allah ya ƙara girma. 'Yarka,
Kausar

Kwandiko, Gwaram

Zuwa ga Kausar,

Bayan gaisuwa. Na ga takardarki, na gode da darasi. Ki gaya wa Abdulsamad ya rage dariyar, don inuwar taku ta iya tafiya.

Na daina juyawa wajen maƙabarta, don ba sai na juya ba. Akwatin ya bar tsamiya. Na fara samunsa a bakin ruwa ta can. Na danna Taho, kin san hannun tsoho. Da na sake dubawa washegari, ya ƙetaro. Daga nan sai gonar Maikano, sai bakin rijiya. Na lura ba ya matsowa sai na danna, kuma na lura ina ta dannawa. Wautar ba sabuwa ba ce, da ita aka haife ni.

Yanzu da ya kusa, na ga tsayinsa daidai kafaɗata, ya ɗan karkata hagu. Kin tuna yadda Innarki take tsayuwa tun da gwiwa ta dame ta? Kajina sun daina bi ta wajen, sai su zagaya, kamar yadda suke yi mata idan tana shara.

Na san za ki ce in danna Wuce. Na ɗora yatsa, wallahi na ɗora. Amma duk zamanmu da Innarki Kaltume, ko ranar da ta zuba min kanwa a shayi, ban taɓa ce mata wuce ba. Yanzu da tsufana zan fara?

Jiya bayan la'asar muna zaune a zaure ni da Maikano muna ɓare gyaɗa, aka yi sallama a ƙofa. Muryar mace ce, ta ja ƙarshen sallamar yadda Innarki take ja idan ta dawo daga unguwa ta san ta daɗe. Na dubi Maikano, na ce ka ji? Ya ce, "Me kuma, Alhajin hoto? Miƙo min tiren nan." Tun da na yi wayo ban taɓa barin sallama ta faɗi ƙasa ba sai jiya. Abincin ma kasa ci na yi don kunya.

Ki gaida kowa. Mahaifinki,
Ɗan'azumi

Birnin Kudu

Baba,

Bayan gaisuwa. Na karanta takardarka.

Inna tana inda kuka kai ta, Allah ya ji ƙanta. Ko mene ne a ƙofar nan, ba ita ba ce. Da zarar takardar nan ta shiga hannunka, ka cire batirin kyamarar ka ba Ɗanbala ya kawo min. Kada ka amsa sallamar wanda idonka bai gani ba, alhakin a wuyana. An ba ni hutu ranar Asabar, zan zo in tafi da kai, ko kana so ko ba ka so. Ka yafe min wannan magana.

'Yarka,
Kausar

Kwandiko

Kausar,

Ina gaisuwa. Ga batiri nan, na bi umarni nan take. Sai dai na cire shi ne kyamarar tana kan Taho, hancin ya maƙale a waje. Na tura, na lallaba, ya ƙi komawa. Yanzu ko na so in ce Wuce, babu abin faɗa.

Ban amsa ba. Ta yi sallama yau da azahar, rana tsaka, ga mai ciwon gwiwa a tsaye. Na rufe bakina da hannu biyu. Tarin nan nawa ne ya suɓuce, sau ɗaya tak, kuma kin san a gidan nan gyaran murya ya isa izini.

Ki zo Asabar ɗin. Idan kin iso ki tsaya daga waje ki yi sallama da ƙarfi. In muryata kika ji, ki shigo. In muryar mace ce ta amsa miki, kada ki cire takalminki, ki koma wajen mijinki.

Allah ya yi miki albarka.
Baba