Rigar Fatar da Kawu Ya Ɗinka wa Faifai

Litinin, 2 ga Afrilu, 1979

Kwamfutar ta iso daga Ikko. An sauke ta a ofishin Kawu Arzika da ke bakin tasha, rabin Jibiya na leƙe ta taga. Wani direba ya ce talabijin ce, wani ya ce rediyon soja. Na bar su da jahilcinsu. Daga nan har Maraɗi ni kaɗai na taɓa zama gaban irinta, a kwas ɗin da na yi a Kaduna.

Kawu ya gindaya mini sharaɗi a gaban direbobinsa. Tunda ni na zuga shi ya saya, to ranar da abokin cinikinsa Alhaji Abdu zai zo daga Maraɗi, lallai ta tashi ta yi aiki. In ta tashi, ofishin motocin nawa ne. In ta ƙi, in hau saman lodi in bi gero kamar kowa. Har da rantsuwa. Na ce ya sha kuruminsa.

Laraba, 4 ga Afrilu

Janareto na ruri, fankar cikin kwamfutar na juyawa, amma gilashin fuskarta baƙi ƙirin. Ita wannan na'ura gangar jiki ce kawai. Abin da ke tashinta yana cikin faifai guda, siriri, mai faɗin faranti, a cikin baƙar riga mai kusurwa huɗu. A zura shi, a rufe marfi, a danna maɓalli, sai ta karanta ta farka. Na yi duk wannan, ko gezau. Na ce wa 'yan kallo wuta ce ba ta zauna ba.

Alhamis, 5 ga Afrilu

Ƙofofin zura faifai a jikin na'urar biyu ne, ashe ta biyun nake ta cusa wa. Na mayar da shi ta farko, ta yi ƙurr, sai ga harafin A kore shar a gilashi yana jiran umarnina. Dama na sani.

Kawu ya tambayi mene ne wannan baƙin abu. Na ce ranta ke nan, kuma babu na biyu, don dillalin Ikko bai aiko da fayafayan da zan kwafe shi a kai ba. Na ɗan ƙara gishiri: ko gumin hannu, ko mugun ido, yana iya kashe shi. Don dai kowa ya san matsayinsa.

Asabar, 7 ga Afrilu

Katsina, neman wayar lantarki da fis. Na bar makulli wajen Kawu.

Lahadi, 8 ga Afrilu

Innalillahi.

Kawu ya kira ni yana murmushi har kunne, ya miƙo mini wani abu cikin jar fata mai ado da koren zare. Wai tunda na ce ranta ne, ya ga bai kamata a bar shi tsirara ba, sai ya kai wa Ya'u baduku ya ɗinke shi kamar laya. Har malam ya tofa. Na fizge na koma ofis, na warware ɗinkin da reza. Basilla ta bi gefen faifan ta huda shi kewaye, kuma daga gefen ne na'urar ke fara karatu.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Mutumin da ya san kukan kowace mota tasa tun daga nesa, shi ne zai kai faifai wajen baduku.

Litinin, 9 ga Afrilu

Na zare faifan daga baƙar rigarsa ta asali, na danne hudojin da farce, na mayar. Ƙaf, ƙaf, ƙaf, sai shiru. Ya mutu.

Ba komai. Gobe zan faɗi gaskiya a gaban kowa. Ba ni na kashe zomon ba, ko ratayar ma ba a ba ni ba. Rantsuwa ba ta hau kaina, kujera tawa ce.

Talata, 10 ga Afrilu

Alhaji Abdu ya zo da jama'arsa. Kawu ya sha babbar riga, direbobi sun cika ƙofa. Kafin in buɗe baki, Kawu ya ɗauko fatar nan yana nuna wa baƙo, wai ɗan ƙanwarsa ne ya kawo ilimin Turawa, shi kuma ya ƙara masa da tsarin gida. Ban taɓa jin ya yi alfahari da ni ba sai yau. Mutumin da ya riƙe ni tun rasuwar Baba.

Na zura faifai, na danna. Ƙaf, ƙaf, ƙaf. Alhaji Abdu ya ce da Faransanci, "Bon," wato "to," ya gyara hula.

Kawu ya dube ni, ya dubi fatar da ke hannunsa. "Maharazu, mi ya hwaru? Ko wagga hwata ce?"

Duk maganar da na shirya tana bakina. Na ga yana ƙoƙarin ɓoye fatar cikin babbar rigarsa a gaban baƙonsa.

Na ce, "A'a, Kawu. Ni ne ban iya ba."

Direbobi suka kwashe da dariya. Ta yi mini ciwo, ba zan ɓoye ba.

Juma'a, 13 ga Afrilu

Na yi sawun farko zuwa Maraɗi a saman buhuna. Rana ta gasa ni, ana ta kirana injiniyan gero. Su yi ta yi, wanda ya iya ya iya.

Da na dawo na tarar da Kawu shi kaɗai a ofis, yana zaune gaban na'urar. Ya ce ya aika Ikko a kawo sabon faifai, amma rantsuwa rantsuwa ce, sai na gama kakar lodin nan. Na ce na sani. Har na kai ƙofa, ya ce, "Ƙarya ba ta yi maka kyau, ɗana. Amma Allah shi yi maka albarka."

In sabon ya zo, Kawu zan fara zaunarwa in nuna masa yadda ake sa shi, da hannunsa. Don kada a sake yi mini ɗinki ne kawai. Ba don komai ba.