Baitin da Na Ɓoye wa Anti Chiamaka

Litinin, 6 ga Mayu

Na gaji. Shara, makaranta, wanke-wanke. Anti Chiamaka, telar da ke haya a shagon ƙofar gidanmu, ta tare ni da wayarta. Wata tsohuwar waƙar Hausa ta ji a keke napep, tana so a sa mata ranar bikinta. "Mardiyya, gaya min abin da mutumin nan yake cewa, kar a zage ni ina rawa." Ni da ko a aji ba na ɗaga hannu. Na ce to.

Laraba, 8 ga Mayu

Baitin farko ba wuya. Saurayi da budurwa suna raba rake a bakin famfo, yana bar mata gaɓar da ta fi zaƙi. Anti har da tsalle. "Haka Sylvester ɗina yake!"

Na biyun ban faɗa mata ba. Sun yi aure. Abincinsa na jiransa a kula, ita ta riga ta ci nata. "Sannu da zuwa." "Yauwa." Shi ke nan. Na saurara, na sake saurara, babu inda suka yi faɗa.

Alhamis, 9 ga Mayu

Gidanmu ke nan fa.

Asabar, 11 ga Mayu

Ina wanki ina rera ta ƙasa-ƙasa, sai Umma ta ƙarasa min. Ashe ta iya ta duka. Wai Abba ne ya kai mata kaset ɗin lokacin da yake zuwa zance wurinta a unguwar Magajiya. Na ce, "Umma, har da baiti na biyu?" Ta ce, "Lokacin kiɗan kawai muke ji." Ta ci gaba da tankaɗe.

Abba yana idar da asuba sai motar Abuja, wurin aiki. Ya dawo, ya ci, ya kwanta. Da faɗa ne ma, da Goggo ta zo ta sasanta su. Wannan me za a ce mata?

Talata, 14 ga Mayu

Anti ta ce, "Sauran fa?" Na ce kaina ke ciwo. In na faɗa, na ɓata mata waƙa. In na yi shiru, ta yi rawa a kai gaban masu jin Hausa.

Alhamis, 16 ga Mayu

Na faɗa mata, idona a ƙasa. Ta tsayar da keken ɗinki. "Ya doke ta?" A'a. "Ya kore ta?" A'a. "To wa ya hana su ci tare?" Ta ce mai kiɗa zai tsaya a na farko.

Lahadi, 19 ga Mayu

Abba na gida. Na zuba shinkafa da wake a faranti ɗaya, cokali biyu, na ce sauran ba a wanke ba. Umma ta harare ni, a gabanta na wanke su da safe. Amma ta zauna.

Zancen gas da ya ƙare suka yi. Sai dai ƙwan da ke kan shinkafar, Abba ya tura shi gefenta da cokali, bai ko dube ta ba.

Ba wani abu ba ne. Gobe Litinin. Farantin dai na ajiye shi a kusa.