Turo Magabatanka, Bilyamin

Zuwa ga Bilyamin, sanyin idona, inuwar da nake fakewa in rana ta take a bakin mashigi, mai muryar da ta fi mini ruwan randa daɗi a bakin mai azumi. Ina gaishe ka gaisuwa mai yawan yashin kogin Kwara, da fatan kogi ya kwanta maka, injin jirginka kuma bai tashi da gardama ba.

Na san kana fushi da ni. An kawo mini labari cewa ranar kasuwar Dole Kaina ka ce wai Munawwara ta mayar da kai mai ƙara, kullum sai ta ɗaga maka zama. Na yi dariya har kifin da nake banda ya ƙone, daga baya jikina ya yi sanyi, don gaskiya ka faɗa. Yau zan gaya maka dalili, in kuma ba ka labarin jiya.

Amma tukuna, ka tuna ranar da muka fara haɗuwa? Ina gaban jirginka da kwandon kifi, ɗiyata Atika tana kan cinyata, kai kuma maimakon ka dubi ruwa sai ka tsaya duban mayafina, har ka hau da mu kan yashi. Maza suka naɗe wando suka sauka turi, wata tsohuwa tana ta yi maka faɗa da yarenta na Dandanci, kana rantsuwa wai yashin sabo ne, jiya babu shi. Shin akwai matuƙin da ya taɓa yin ƙarya mai daɗi irin wannan? Tun daga ranar zuciyata take maƙale a wurin nan, babu mai turo ta.

To, ka san Na'Allah, uban Atika, ya sake ni tun tana goye. Kotu ta ɗora masa ciyar da ita da kuɗin magani. Sau ɗaya ya aiko da gero, shi ma ƙwari sun riga mu ci. Daga nan duk ranar da ɗan aiken kotu ya shigo garinmu Lolo da sammaci, sai a ce yanzun nan ya tsallaka Madekali, can ƙasar Benin, inda takardar alƙali ba ta da ƙafar shiga. In alƙali ya zauna, Na'Allah ba ya nan. In an ce Na'Allah ya dawo gari, magatakarda ya tafi ta'aziyya. Bencin ƙofar kotu ya san ni, mai sayar da fura a wurin har ƙari take yi mini, akuyar da ke kwana ƙarƙashin dogon yaro ma ta daina tashi in ta gan ni.

Duk wannan ban damu ba, hannuna yana ciyar da ni da ɗiyata. Abin da ya hana ni amsa maka shi ne maganar da matan da muke zaman jira tare suka yi ta faɗa mini, cewa ranar da bazawara ta yi aure, ranar riƙon ɗa yake fita hannunta. Sai in dube ka in ji kamar damina ta sauka a ƙirjina, in dubi Atika in hango ta bayan babur ana tsallakawa da ita inda ko alƙali bai isa ya dawo da ita ba. Ya zan yi, hasken idona? Wa zai ce wa mutum ya zaɓa tsakanin numfashinsa da bugun zuciyarsa?

Jiya mutumin da sammaci ya gaza kamowa ya kawo kansa, da babbar riga da ƙamshin turare, don ya ji kana nemana. Ya durƙusa ya ce, “Allah gafarta Malam, tunda aure za ta yi, a ba ni ɗiyata.” Alƙali ya tambaya ko mahaifiyata tana raye. Bilyamin, da ka ga Inna! Matar da sai an kama ta take tashi daga tabarma saboda ciwon gwiwa, sai ga ta tsaye kamar giginya. Ta ce, “Ga ni nan, Malam, kuma ban shirya zuwa ko'ina ba.” Alƙali ya ce in uwa ta yi aure, riƙo yana komawa ga kaka ta wajen uwa, uba yana baya. Ya ƙara da cewa tunda Allah ya kawo Na'Allah da ƙafarsa, sai a yi maganar ciyarwar da ta taru.

Na'Allah ya nemi izinin kewayawa. Har yanzu yana kewayen. Takalmansa suna nan ƙofar kotu, an kuma ɗaga zama.

Na fito ina dariya, kafin in iso gida na fara hawaye, don na gane abin da hukuncin yake nufi. In na shiga ɗakinka, Atika wurin Inna za ta kwana. Wannan yarinyar da ba ta barci sai ta riƙe bakin zanena.

Don haka ga roƙona, ya farin watana, ya iskar da ke kaɗa shinkafar fadama. Kada ka kai ni garinku Dole Kaina. Kada ka sa kogi tsakanina da ita. Ka nemi ɗaki a nan Lolo, ko na kara ne, kusa da gidan Inna, inda in ta yi kuka zan ji, in na soya kifi zai isa gare ta da zafinsa. Kai da ka saba tsallaka ruwa safe da yamma saboda fasinja, ba za ka tsallaka sau ɗaya saboda ni ba?

In ka yarda, turo magabatanka ranar Juma'a bayan an sauko. Baffa, waliyyina, ya ce yana gida. Inna ta aika a sayo sabuwar tabarma, kuma gwiwar ta dawo da ciwonta, don haka su taho da haƙurin jiran ta fito.

Taka ce ni, in kogi ya cika da in ya janye, har ranar da numfashi zai ƙare.

Munawwara