Tsohuwar da Suka Cire Daga Maƙalata

Zuwa ga Yaya Lawal,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali, ya ƙafar taka? Tunda ka koma gona ba ka ɗaukar waya, shi ya sa na rubuta a nan inda kowa zai gani. Na san 'yarka Hadiza za ta karanta maka.

Na daɗe ina rubutu a kundin sanin nan na intanet, ɓangaren Hausa. Ni da ban wuce sakandare ba, na rubuta a kan Kogin Kaduna, na rubuta a kan injin mota, ba wanda ya ce min uffan. Sai da na taɓo kashe-kashen da gwamnatocin gurguzu suka yi wa mutanensu. Tun ranar ban samu sukuni ba. Ina shagona a Kurmin Mashi, makanike na tambayar birki, ni idona na kan waya.

Wani malamin jami'a ya ce farfagandar Turawan yamma na kwaso. Wani kuma ya ce na yi sassauci. Duk wannan bai dame ni ba, na saba da surutun mutane tun ina yaron shago. Sakin layi guda da masu gyaran kundin suka cire daga maƙalata, shi ya tsaya min a rai.

Ka tuna shekarar da ka dawo daga karatu a Rasha, da hular gashin nan a zafin Kaduna? A zauren Baba a Unguwar Shanu kake tara mu kana koya mana gurguzu. "Leburan ma mutum ne," kake cewa, kana dukan tabarma. Na yarda da kai lokacin. Har gobe ban gama fita daga ciki ba.

Amma wata rana muna wanke babur ɗinka, ka ba ni labarin tsohuwar da ke share ɗakunan kwananku a can Rasha. An zo an kwashe hatsin ƙauyensu kaf, har irin shuka. Ƙannenta yunwa ta kashe su, mahaifinta aka tafi da shi a jirgin ƙasa. Ka faɗa, ka ci gaba da goge taya. Ba ka sake tayar da zancen ba.

Na sa labarin yadda muka saba: wane ya ji daga bakin wance, ni kuma na ji daga wane, mutumin da bai taɓa yi min ƙarya ba. Suka ce sai abin da aka buga a littafi. Ka ji fa, wai kai ba majiya ba ne.

Yanzu sun ce a nemo wani daga waje, wanda ba ya cikin rigimar, ya karanta ya yanke, ko a gyara maƙalar ko a goge ta. Su nemo nasu. Ni kai nake nema, kuma ba don ka goya min baya ba. Hadiza ta karanta maka ita duka, ka faɗa min ko na zalunci abin da ka ba ƙuruciyarka. In ka ce na cire wani abu, da hannuna zan cire, abin da ban yi wa malamin jami'a ba.

Sannan, Yaya, ban san sunan matar ba. In kana tunawa, ko shi kaɗai ka aiko min.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya jiƙan Baba, ya saka wa duk wanda aka zalunta ko a wace ƙasa yake.

Ƙaninka,
Sabo