Godiya Ta Riƙe Zanena

Talata, da dare

Barci ya ƙi zuwa. Yau da aka tashi makaranta, wani mutum ya zo da mashin zai ɗauki Godiya, 'yar ajina na nazare. Wai shi kawunta ne daga Kagoma. Ya gaishe ni da yarenmu, don ni ma 'yar can ce, har da tambayar lafiyar babana. Amma Godiya na ganinsa ta shige bayana, ta riƙe zanena gam.

Na ce, "Baba, yi haƙuri, sai na ji daga bakin mamanta."

Madam mai makaranta ta ja ni gefe. "Anti Ladi, kar ki kunyata mu. Dattijon ikilisiya ne fa!"

To, sai me? Na goya yarinyar na kai ta rumfar mamanta a kasuwa. Maman ta ce lallai ita ta aiko shi, tana dariya wai Godiya ƙiwa gare ta.

Ƙiwa? Yarinyar da ko baƙo ya shigo aji sai ta haye cinyarsa? Ban yarda ba.

Gobe zan zaunar da ita a hankali. Yau kowa ya faɗi nasa, ita kaɗai ce ba wanda ya tambaya.